Dawakan da Suka Dawo

Kowace safiya, tsakanin shayi da magani, Auta takan kashe yayanta.

Ba da hannu ba. Yayan nata ya mutu shekarun baya, kowa a layin ya sani, har an daina yi mata gaisuwa. Mutum ɗaya ne bai sani ba, shi ne mahaifinsu, wanda ciwon mantuwa ke share wa jiya tun kafin gari ya waye. Yakan zauna a bakin gado, ya riƙe kofi da hannu biyu, ya dubi ƙofa, sannan ya dube ta.

"Ina Dogo? Har yanzu barci yake?"

Yau ma haka ya tambaya. Auta ta ajiye tire a kan kujera, ta tsuguna a gabansa don idonta ya daidaita da nasa. Sai da ta fara karɓe kofin, domin ta gaji da goge shayi a ƙasa.

"Baba, Yaya ya tafi kai dawakai. Ruwa ya ci gada, motar ta faɗa kogi. An tsamo dawakan. Shi ba a same shi ba."

"Yaushe?"

"An daɗe, Baba."

"Kuma ba wanda ya gaya min?"

"An gaya maka."

Bakin tsohon ya buɗe. Daga nan sai wani siririn kuka ya taso daga can ƙasan ƙirjinsa, irin na wanda yanzu-yanzu aka kawo wa labari. A wurinsa kuwa yanzun ne. Ya kama wuyan rigarsa yana ja, yana kiran sunan Allah, yana kiran Dogo. Auta ta riƙe masa gwiwa. Ta lura maɓallin rigarsa na biyu ya kusa tsinkewa, ta ce a ranta in ya kwanta za ta ɗinke. Ta lura gizo-gizo ya sake saƙa a bayan labule. Iyakar abin da ya zo mata ke nan. Da can tare suke kukan, har maƙwabta su leƙo ta katanga. A hankali nata ya ƙafe, ba za ta iya cewa ga ranar ba. Yanzu tana faɗin maganar ne yadda take faɗa wa mai kanti abin da ta zo saye.

Ba mugunta ba ce, alkawari ne. Farkon ciwon, ranar da ya tsinci kansa a tsakiyar kasuwa bai san hanyar gida ba har sai da wani ya rako shi, ya kira ta ɗaki ya rufe ƙofa.

"Auta, kaina ya fara yoyo," in ji shi. "Abu ɗaya nake roƙonki. Duk abin da na tambaye ki, ki gaya min gaskiya, ko sau nawa na tambaya. Kowa zai yi min ƙarya don tausayi. Ke kada ki mai da ni yaron goye a cikin gidana."

Ta amsa masa. A lokacin Dogo ya riga ya rasu, tsohon kuma yana sane, shi ya zauna aka yi masa gaisuwa. Ba wanda ya kawo a ransa cewa mantuwar za ta ci ta ci har ta kai nan.

Matsalar ita ce duk ranar da ya yi wannan kukan ba ya cin abinci, kuma kowace rana ita ce ranar. Kafin hantsi ya manta abin da ya sa shi kuka, amma cikinsa bai manta ba. Sai ya ture kwano ya ce bakinsa ba daɗi. Auta ta rage masa ƙugun wando, ta sake ragewa. Likita ya daɗe yana sauraren ƙirjinsa a zuwansu na ƙarshe, sannan ya kira ta gefe ya ce zuciyar nan ba za ta ci gaba da ɗaukar wannan dukan kullum ba. Ya ce ba shi zai koya mata yadda za ta zauna da mahaifinta ba, abin da kunnensa ya ji kawai ya faɗa.

Da hantsi Gwaggo ta iso, ƙanwar tsohon, da jakarta da bakinta. Ta leƙa ɗakin, ta ga yayanta kwance ya juya wa ƙofa baya, ta ga burodin da ba a taɓa ba, ta fito ta sami Auta a wurin wanke-wanke.

"Kin sake, ko?"

"Ya tambaya, Gwaggo."

"Ke anya akwai jini a jikinki? Mutum ya kwana, Allah ya sauke masa kayansa, ke ki tashi da sassafe ki sake ɗora masa."

"Shi ya ce in riƙa gaya masa."

"Wanda ya ce ki gaya masa yana ina? Nuna min shi in gaishe shi. Wannan na ciki jiya tambayata ya yi ko ni ce mai karɓar wanki."

"Alkawari na yi."

"Alkawari! Ni ma na yi wa mijina na fari alkawarin ba zan ƙara aure ba. Biyu na yi a bayansa, har yau bai zo ya ce min komai ba." Gwaggo ta ja kujera ta zauna da ƙarfi. "Ki ce ya yi tafiya. Ki ce yana kasuwa. Ki ce ya je aski, ai Dogo ko da ransa in ya je aski wuni yake. Kina nan kina riƙon gaskiya, za ki riƙe ta har ki binne ubanki da ita."

Auta ta ɗauraye kofi ta kifa. Ta san Gwaggo ba ta yi ƙarya ba. Ta kuma san ranar da ta fara yi masa ƙarya, mutumin da ya rufe ƙofa ya roƙe ta ya tafi ke nan, saura wani tsoho da ake lallaɓawa. Duka biyun ta sani, kuma ba wanda ya motsa mata komai a ƙirji. Ta goge hannu ta wuce rumfar aiki a bayan gida.

Mahaifinta masassaƙi ne, amma tun tasowarta ba ta taɓa ganin ya yi kujera ko gado ba. Dawakai yake sassaƙawa, na lilon nan mai juyawa da ke filin wasan yara, wanda ake soke kowane doki da sandar ƙarfe yana hawa yana sauka, kiɗa na tashi. Shi kuwa bai taɓa hawa doki mai rai ba. Gwaggo ta ce tun suna yara in ya hango doki a kan hanya sai ya tsallaka ɗaya gefen yana karanto addu'a. Amma duk baƙon da ya kawo 'ya'yansa filin wasan, in dai ya ga kamar daga nesa ya fito, sai ya tare shi da tambaya ɗaya: a ƙasarku me ake faɗa a kan doki? Ya tambayi 'yan kasuwa, ya tambayi ma'aikatan jirgin ruwa, ya tambayi matan da suka biyo mazajensu aiki. Abin da suka ba shi ya kawo rumfar nan ya fitar da shi daga cikin katako. Shi ya sa a lilonsa ba doki biyu masu kama ɗaya. Akwai mai fukafukai, akwai mai ƙaho ɗaya a goshi, akwai fari mai kai bakwai da aka ce shi ke jan rana, wanda yara ke faɗa a kansa don kowa na da wuyan da zai riƙe. Akwai wani ja da aka ce guminsa jini ne, da wani mai hawaye a kumatu wanda aka ce ya yi wa ubangidansa kuka tun kafin a kashe shi.

Su ne jere a rumfar yau, an ciro su daga sandunansu, wasu a tsaye a kan katakai, wasu a kwance a kan buhu. Masu filin wasan sun aiko su a sake musu fenti, aikin da ya dawo hannun Auta tun da hannun tsohon ya fara rawa. Su ne kuma dawakan da Dogo ya ɗauka a wancan karon, bayan an gama musu irin wannan fentin. Katako ba ya nutsewa. Masunta can ƙasa da gadar sun ce da gari ya waye sai suka ga kawunan dawakai suna tahowa a cikin jan ruwa, mai fukafukan yana gaba a tsaye kamar ana korarsa. Wasu suka watsar da komarsu suka gudu. Waɗanda suka tsaya suka tsamo su ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ɓace, ko kunne bai karye ba. Aka wanke musu laka aka mai da su lilo, yara suka ci gaba da hawa.

Auta ta buɗe gwangwanin farin fenti ta motsa shi da tsinke. Kowane doki gefe ɗaya ake ƙawatawa, wanda ke kallon waje, inda iyaye ke tsayawa. Nan ake zuba furanni da duwatsun gilashi da igiyoyin zinariya. Gefen ciki shafe shi kawai ake yi, don ba mai ganinsa sai mai kula da inji. Ta fara da gefen ciki, don ba ya bukatar tunani.

Rana ta ɗaga sosai kafin ta ji jan takalmin mahaifinta. Ya shigo yana dafa bango, idanunsa a kumbure, yana murza su da bayan hannu.

"Wani abu ya faɗa min a ido," in ji shi. "Tun ɗazu suke min zafi."

"Zauna nan, Baba."

Ta ba shi takardar gugar katako, ta tura masa ƙafar wani doki kan cinya. Kansa ya manta sunan titin da aka haife shi, amma yatsunsa ba su manta komai ba. Suka bi kofaton suka hau gwiwa, suka tsaya daidai inda tsohon fenti ya tashi. Ya fara gogewa a hankali. Can ya ɗaga kai ya ƙirga ƙafafun dokin da leɓɓansa.

"Kin san wannan?"

Ta sani. Ta ji labarin tun ba ta iya ɗaura zane ba. Ta ce, "Gaya min, Baba."

"Wani likitan ido ya ba ni shi, mutumin ƙasar ƙanƙara, dogo, gashinsa kamar an wanke da bilic. Ya ce a tatsuniyarsu akwai doki mai ƙafa takwas, shi kaɗai ke zuwa garin matattu ya dawo. Na ce masa, likita, ƙafa takwas ai harɗewa za su yi, ni da zan sassaƙa na sani. Ya yi dariya, ya ce in je in ƙirga ƙafafun mutum huɗu da suka ɗauki makara." Tsohon ya hure garin fenti daga kofaton. "Kin ga kowa sai ya hau shi ke nan. Har ni da nake tsoron doki."

Auta ta tsoma buroshi. Ba kowa ba, ta ce a ranta. Dogo bai hau ba. Ba mutum huɗun da suka ɗauke shi, ba ta ga fuskarsa ba, ba ta ga ko takalminsa ba. An yi ta nema har ruwan ya janye, aka gaji, aka ce a yi haƙuri. Abin da ta sani game da mutuwarsa bai wuce 'yan kalmomin da take faɗa kowace safiya ba. Ta yi wannan tunanin yadda mutum ke tuna ya bar wanki a igiya, ta ci gaba da shafa fenti.

Gwaggo ta shigo da faranti, ta ajiye a kusa da shi. Shinkafa ce da miya. Ya kalla ya kau da kai.

"Ci mana, Yaya."

"Bakina ba daɗi, baiwar Allah. Na gode."

"Baiwar Allah! Ciki ɗaya muka fito, yau ni ce baiwar Allah." Ta harari Auta, ta koma bakin ƙofa ta zauna tana fifita da gefen mayafi.

Tsohon ya ajiye ƙafar dokin ya miƙe. Ya bi layin yana shafa su ɗaya-ɗaya, har ya kai na ƙarshe, wani kore-kore mai dogon baya, gezarsa a kwance kamar yanzu ya fito daga wanka. Ya ɗora tafin hannunsa a kan sirdin, ya yi sauri ya ɗauke, ya yi 'yar dariya.

"Wannan kada ki yarda da shi, Auta. Kukun wani jirgin ruwa ya ba ni. Ya ce a tsibirinsu yakan fito daga tafki ya tsaya a bakin ruwa, lafiyayye, kansa a ƙasa, kamar ba zai iya korar ƙuda ba. Yaro ya hau, wani ya ce ni ma, wani ya ce ni ma. Duk wanda ya zo sai bayan ya ƙara tsawo ya ba shi wuri. In ka taɓa shi kuwa hannunka ya manne ke nan. Da sun cika sai ya juya ya shige ruwa da su."

"To me ya sa ka sassaƙa shi?" in ji Gwaggo daga ƙofa. "Mutum ya rasa abin da zai ɗora 'ya'yan mutane a kai sai aljani."

"Don 'yan gida ɗaya su daina faɗa a kan wa zai hau. Bayansa na ɗaukar uku." Ya juya wajen Auta, fuskarsa ta saki. "Ku kuka fara hawansa, ke da yayanki, tun fentin bai gama bushewa ba. Kina gaba kina ihu, yana bayanki ya riƙe ki, ƙafafunsa har suna jan ƙasa. Uwarku ta kwana biyu tana kankare kore daga wandonsa." Ya dubi ƙofar rumfar, ya dubi tsakar gida. "Af, wai ina Dogon ne? Ga aiki jibge, shi yana ina?"

Bai taɓa tambaya sau biyu a rana ɗaya ba.

Fifitar Gwaggo ta tsaya. Auta ta ajiye buroshi a bakin gwangwani, ta zo gabansa. Hannunsa yana kan wuyan dokin, ta ga agogonsa ya zame har tsakiyar damtse don ba naman da zai riƙe shi. Idanun nan da kukan safe bai gama sakinsu ba suna kallonta, suna jira, ba tsoro a cikinsu ko kaɗan.

"Baba, Yaya ya tafi kai dawakai."

Sauran maganar tana nan a bakinta, a jere, kamar kullum. Ba ta yanke shawarar komai ba. Ta dai buɗe baki, numfashin da zai ɗauko ta bai zo ba. Fenti yana ɗiga daga buroshi zuwa ƙasa, tana jin saukarsa.

"To," in ji tsohon. "Shi ya sa. Ya ɗauki na farko ke nan, waɗannan sai ya dawo." Ya gyaɗa kai, ya shafa cikinsa. "Ni fa kamar yunwa nake ji. Abincin wa ye wancan?"

Ya ci. Ya zauna a kan buhu tsakanin mai fukafukai da mai ƙaho, ya cinye farantin tas, ya ce ko da saura. Gwaggo ta tashi da saurin da Auta ba ta san tana da shi ba, ta ƙaro. Yana ci yana magana, shinkafa na zuba a rigarsa.

"Yaron nan in ya kama sitiyari sai ka ce ƙwai ya ɗauko. Ran nan mai keke ya wuce mu, ya waiwayo ya ce ko mota ta lalace ne a taimaka mana da turi."

Gwaggo ta yi dariya har da tafa cinya, tana share ido da mayafi. Ya dube ta da kyau.

"Ke Uwar Magana, yaushe kika zo?"

"Yanzu ka gan ni? Tun safe nake nan ina baiwar Allah."

"Wa ya ce miki baiwar Allah? Ke ai jarabar Allah ce."

Auta ta tsaya da tsumma a hannu tana kallonsu. Rabon da ya kira Gwaggo da wannan sunan har ta manta. Ya gama ya sha ruwa, ya ce akwai dokin da har yau bai yi ba. Wani mai sayar da turare ya gaya masa cewa a wurinsu daga iskar kudu aka halicci doki, aka damƙi iska aka ce zama. Ya daɗe yana tunanin yadda ake sassaƙa iska. Dogo ya ce a bar ƙafafun baya ba a gama ba, su narke cikin gezar wutsiya. In ya dawo za su zauna su zana.

"Ki ajiye masa abinci, Auta. Kin san ba ya ci a hanya."

Ta shiga kicin ta ɗauko faranti. Ta zuba shinkafa, ta zuba miya a gefe, don Dogo ba ya son a kwarara masa a kai. Sai da ta ga cokali a hannunta tana kankaro ƙanzon gindin tukunya, abin da shi kaɗai ke ci a gidan, sannan ta tsaya ta dubi hannun. Ba wanda ya ce ta yi. Ta ƙarasa kankarowa, ta zuba a gefen farantin, ta rufe da wani.

Da la'asar tsohon ya ce a fitar masa da kujera ƙofar gida. Gwaggo ta ɗauki jakarta, ta ja Auta gefe.

"Kin gani? Faranti biyu. Kin mutu? Ƙasa ta tsage? Gobe ma haka za ki ce, jibi ma haka." Ta matse mata hannu, muryarta ta sauka. "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Na san ba sauƙi."

Auta ta ce amin. Ta raka ta bakin titi, ta dawo ta zauna a kan dakali kusa da kujerar.

Layin yana ta harkarsa ta yamma. Mai kanti yana shigar da buhuna, yara suna buga ƙwallo da bangon makaranta, wata mata tana kwashe shanya a saman bene. Tsohon yana zaune ya miƙe baya, ya ɗora hannu biyu a kan sanda, duk motar da ta shigo sai ya bi ta da ido har ta fita. Mai facin taya na tsallaken titi ya rufe rumfarsa, ya tsallako yana goge hannu.

"Baba, yau an fito shan iska?"

"Dogo nake jira. Ya kai kaya, har yanzu shiru."

Mai faci yana cikin waɗanda suka bi bakin kogi da fitila suna nema. Ya dubi Auta. Auta ta dube shi.

"Allah ya kawo shi lafiya, Baba," in ji shi, ya wuce da sauri.

Rana ta yi ƙasa. Iska ta canja, ta fara ɗaga ledoji a bakin kwata. Tsohon ya ɗaga kai ya dubi gabas, inda hadari ya haɗu ya yi baƙi. Yatsunsa suka fara motsi a kan sandar.

"Ba ya kai magariba a waje. Ko taya ce?" Ya sake leƙa titi. "Ta wace hanya ya bi? Kada dai ya ce zai bi ta gada da ruwan nan."

"Mu shiga ciki, Baba. Sanyi ya fara."

"Auta."

Ta juyo. Ya saki sandar ya kamo hannunta, ya riƙe da ƙarfin da ba ta zaci ya rage masa ba.

"Kaina ba daidai yake ba, na sani. Abubuwa suna zubewa. Amma abu ɗaya ban manta ba, ke ba kya yi min ƙarya. Kowa na yi, ke ba kya yi. Gaya min, lafiya yake?"

Ɗazu a rumfa shiru kawai ta yi, tana iya cewa ba ta ƙarasa ba ne. Yanzu ba wurin ɓuya. Ta dubi hannun da ke riƙe da nata, da 'yar shinkafar da ta maƙale a maɓallin rigarsa.

"Lafiya yake, Baba. Ya kira ɗazu kana rumfa."

"Ya kira?"

"Ya ce taya ce ta fashe, ya samu an gyara. Ya ce ba zai bi ta gada ba, zai zagayo ta sama ko da zai yi dare." Maganar tana fitowa da kanta, ba gargada, kuma tana faɗa tana jin ta da muryarsa, yadda yake jan kalma kamar mai jin barci. "Ya ce kada ka jira shi a waje. Ya ce in gaya maka ya tuno yadda za a yi wa dokin iskan nan kunnuwa."

Tsohon ya saki dogon numfashi, kafaɗunsa suka sauka.

"Ɗan banza. Da bai kira ba da na ci mutuncinsa." Ya yi murmushi. "Kama ni in tashi."

Ta kai shi ɗaki, ta ba shi magani, ta cire masa takalmi. Ya kwanta ya ja bargo da kansa. Ya ce ta bar ƙofar gida a buɗe kada yaron ya zo yana bugu ya tashi maƙwabta. Kafin ta gama ninke rigarsa ya yi barci, bakinsa a ɗan buɗe, goshinsa ba ko layi ɗaya. Ta tsaya tana kallonsa. Mutumin da ya roƙe ta gaskiya ya tafi, ita ta sallame shi da bakinta, kuma wanda ya rage yana barci mai daɗi.

Ta fita don ta shigo da kujerar. Fitilun titi sun fara kamawa, yaran sun watse, yayyafi bai sauko ba tukuna. Ta kama bayan kujerar, sai ta ga ta zauna a kai. Ba ta san me ya sa ba. Zaman dai ta yi, hannuwanta a cinya, farin fenti ya bushe a gefen farcenta.

Can ƙarshen layin wata motar ɗaukar kaya ta karyo kwana. Tana tafe a hankali, a hankali ƙwarai, kamar direban yana tsoron abin da ya ɗauko ya fashe. Wani mai keke ya zagaye ta ya wuce.

Auta ta ga kanta a tsaye. Ƙirjinta yana bugawa har cikin kunnuwanta, hannunta ya kai kan ɗankwali yana gyarawa. Ta daɗe ba ta ji komai ba, shi ya sa abin ya zo mata da zafi kamar jini ya dawo ƙafar da ta yi sanyi. Tana so ya zama shi ne. Ta san ba shi ba ne, kuma tana so, har ta taka zuwa bakin titi.

Motar ta iso, ta rage gudu saboda ramin da ke gaban gidan. Wani mai furfura ne a ciki, da katifu a baya. Ya wuce bai ko dube ta ba.

Ta bi jajayen fitilun da ido har suka sha kwana. Yayyafi ya fara sauka a kan kujerar da kafaɗunta. Ba ta shiga ba, domin can ƙasan layin ta ji kamar ƙarar wata motar.